Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Martani Ga Winterbotham Kan Leƙen Asiri a Yaƙin Hamada

A shekarar 1974 wani tsohon hafsan sojan saman Birtaniya mai suna Frederick Winterbotham ya fasa ƙwan da gwamnatin ƙasarsa ta yi kusan shekara 30 tana kwance a kai. A littafinsa The Ultra Secret ya shaida wa duniya cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, Ingila ta tara gwanayen lissafi da masana harsuna a wani katafaren gida da ake kira Bletchley Park, arewa da Landan, ba su da aiki sai warware saƙonnin sirrin da sojan Jamus ke ƙullewa da na'urar Enigma. Bayanin da ake tatsowa daga waɗannan saƙonni shi aka laƙaba wa suna Ultra. Winterbotham kuwa ba ɗan ji-ta-ji-ta ba ne, domin shi ya tsara hanyar da ake bi a isar da bayanin ga manyan kwamandoji a bakin daga ba tare da ya yoye ba.

Saboda haka da ya buɗe baki sai kowa ya kasa kunne. Hoton da ya zana shi ne na janar-janar ɗin ƙawance suna yaƙi da takardun abokin gaba a shimfiɗe a gabansu. Game da yaƙin hamadar Libiya da Masar, abin da mai karatu zai tashi da shi ba shi da sarƙaƙiya: Ultra ta riƙa tona jiragen ruwan da ke kai wa Janar Erwin Rommel na Jamus mai da harsashi daga Italiya, aka riƙa tare su ana nutsarwa, ta kuma riƙa tona shirinsa na kai hari, har ƙishirwar mai ta durƙusar da shi a El Alamein. Wannan labari ya bi littattafai da finafinai, ana ta maimaita shi har yau.

Ultra dai babban rabo ce, wannan ba abin jayayya ba ne. Inda Winterbotham ya kauce hanya shi ne da ya ɗauki sanin inda abokin gaba yake da iya taɓa shi a matsayin abu guda. Wanda ya bi yaƙin hamada wata-wata daga 1941 zuwa farkon 1943 zai tarar da watannin da Ingila ta san abin da ke tafe kuma ta sha kashi, da watannin da jiragen guzurin Rommel suka wuce lami lafiya alhali an san sunayensu da ranar tashinsu. Akwai ma watannin da kunnen Rommel ya fi na Ingila ji.

Ya kamata a tuna cewa mutumin da ka ya yi rubutunsa. Ba a ba shi damar buɗe takardun gwamnati ba, shekaru sun ja, kuma shi kansa bai zauna cikin masu warware saƙonnin ba, aikinsa rabawa ne. Shi ya sa ya tafka kurakurai. Wanda ya fi shahara shi ne batun birnin Coventry, inda ya nuna cewa Firaminista Churchill ya sami sunan garin tun kafin ruwan bama-baman daren 14 ga Nuwamban 1940, amma ba a kwashe mutane ba don kada asirin ya tonu. Da aka buɗe takardu daga baya, masu bincike ba su sami abin da ya gaskata wannan ba. Irin wannan kuskure ana iya gyara shi a bugu na biyu. Na fahimta ne ya fi wuyar fita.

A fara da tsibirin Kirit na ƙasar Girka a watan Mayun 1941, domin da wuya a sami yaƙin da aka san shirin abokin gaba dalla-dalla kamarsa. Tun kwanaki da dama kafin harin, Bletchley ta warware saƙonnin sojan saman Jamus, ta san sojojin laima za a sako, ta san filayen jirgin sama uku da ake hari, wato Maleme da Rethymno da Heraklion. An sanar da Janar Bernard Freyberg, kwamandan tsibirin. Ranar 20 ga wata Jamusawa suka sauko inda aka ce za su sauko, aka yi musu mummunar ɓarna. Amma Freyberg ba shi da jiragen sama, an kwashe ragowarsu zuwa Masar tun jajibirin harin. Igwoginsa kaɗan ne, na'urorin oba-oba ma haka, har kwamandoji ba sa jin juna. Da dare sojojin da ke tsare da tudun da ke kallon filin Maleme suka janye, washegari jiragen Jamus suka fara sauke ƙarin mayaƙa, kafin mako biyu tsibirin ya kuɓuce.

A hamada ma haka aka fara. Rommel ya sauka Tarabulus ranar 12 ga Fabrairun 1941, kuma Janar Archibald Wavell a Alkahira ya yi lissafin cewa ba zai iya kai babban hari ba kafin watan Mayu, saboda haka ya kwashi zaratan sojojinsa ya tura Girka. Lissafin nan daidai yake, har ma ya dace da umarnin da Balin ta ba Rommel, na ya tsaya ya jira ragowar tankokinsa. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne mutum marar jin magana. A ƙarshen Maris Rommel ya yunƙura, cikin mako biyu ya yi wa Tubruk ƙawanya ya isa iyakar Masar, ya kuma kama janar biyu, Richard O'Connor da Philip Neame, da suka ɓata hanya da dare a mota. Ya sake yin irin wannan ranar 21 ga Janairun 1942, bayan ya ɓoye shirinsa ga Rum da Balin kansu. Saƙon da ba a aika ba ai babu mai warware shi.

Wani lokaci ma sanin ne ke jawo masifa. A watan Mayun 1941 Janar Friedrich Paulus, wanda Balin ta turo ya duba halin da ake ciki, ya aika rahoto cewa sojan Rommel sun gaji kuma guzurinsu ya yi ƙasa. Bletchley ta warware rahoton, Churchill ya karanta, ya hana Wavell sakat sai ya kai hari. A tsakiyar Yuni aka kai harin, igwogin Jamus masu faɗin baki milimita 88 suka tarbi tankokin Ingila a mashigar Halfaya, cikin kwana uku aka yi asarar tanki kusan 90, Wavell ya rasa kujerarsa. Ga kuma wani abu da Winterbotham bai auna ba: Rommel gwani ne wajen kukan rashi idan yana rubuta wa manyansa, domin da kuka ake samun ƙari. Mai karanta wasiƙarsa a Landan yana karanta abin da yake so Balin ta yarda da shi ne, wanda ba lallai ya zama abin da ke ƙasa ba.

Sai batun jiragen ruwa, ƙashin bayan hujjar tasa. Da farko, yawancin bayanin ba daga Enigma ya fito ba. Sojan ruwan Italiya ne ke rako ayarin jiragen, kuma suna aika jadawalinsu da wata na'ura dabam mai suna C-38m, ƙirar Hagelin ta ƙasar Suwidin, wadda Bletchley ta shawo kanta a tsakiyar 1941. Daga nan aka riƙa samun sunan jirgi, da tashar da zai baro, Napoli ko Taranto ko Brindisi, da hanyar da zai bi, wani lokaci har da abin da ya ɗauko. An kafa doka cewa ba za a auka wa jirgi ba sai an fara tura jirgin sama mai leƙe ya yi shawagi a kansa ya bari a gan shi, don Italiyawa su ɗora laifin a kan rashin sa'a. Dabara ce mai kyau, sai dai tana nufin kowane hari yana buƙatar jirgin leƙe da matuƙinsa da mansa, kafin a zo ga mai sakin bam.

Kusan duk wannan aiki daga Malta yake tashi, ɗan tsibirin da ke hannun Ingila wanda bai kai kilomita 100 daga Sisili ba. A ƙarshen 1941 Malta tana da haƙora. Daren 8 zuwa 9 ga Nuwamba jiragen yaƙi huɗu na rundunar da ake kira Force K suka fita suka tare wani ayari, suka nutsar da dukan jiragen kaya bakwai da ke cikinsa. A wannan wata fiye da rabin kayan da aka yi wa Rommel lodi bai isa Libiya ba. Da a nan labarin ya tsaya, da Winterbotham ya yi gaskiya.

Amma a watan Disamba Hitila ya turo Albert Kesselring da rundunar jiragen sama daga fagen Rasha zuwa Sisili. Ranar 19 ga wata Force K ta faɗa cikin nakiyoyin ruwa daura da Tarabulus, jirgin Neptune ya nutse da mutanensa, mutum ɗaya ne ya tsira. A wannan dare kuma 'yan ninƙayar sojan Italiya suka saci jiki cikin tashar Iskandariya suka nakasa manyan jiragen yaƙi biyu, Queen Elizabeth da Valiant. Zuwa Afrilun 1942 Malta tana shan ruwan bama-bamai dare da rana, har jiragen ƙarƙashin teku suka bar tsibirin. A wannan wata kusan duk abin da aka aiko wa Rommel ya iso. Masu warware saƙo a Bletchley ba hutu suka tafi ba, suna nan suna fitar da sunayen jirage da lokutan tashinsu, ana ajiye takardun a kan tebur ana kallon kaya suna wucewa. Idan aka haɗa lissafin yaƙin gaba ɗaya, alƙaluman Italiya sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da aka tura Libiya sun sauka lafiya.

Abin da ya sauka a tasha kuma, nawa ne ya nufi bakin daga, wane iri, yaushe? A farkon 1942 saƙonnin sojan ƙasa na Jamus a Afirka ba kullum ake iya warware su ba, in an warware ma wani lokaci kwanaki sun wuce. A nan Alkahira ta koma ga tsohuwar hanya, wato gani ya kori ji. Akwai wata 'yar runduna da Ralph Bagnold, tsohon mai yawon binciken hamada, ya kafa a 1940, ana kiranta Long Range Desert Group. Mutanenta na farko yawancinsu 'yan New Zealand ne, manoma da suka saba gyaran mota da hannunsu. Suna tafiya a buɗaɗɗun motocin Chevrolet, suna neman hanya da inuwar rana da taurari. Daga 2 ga Maris zuwa 21 ga Yulin 1942 sun kafa gadi a kan titin gaɓar teku da ke tsakanin Tarabulus da Bangazi, kusa da wata doguwar ƙofar marmara da shugaban Italiya Mussolini ya gina, ɗaruruwan kilomita a bayan sahun Rommel.

Ga yadda ake yi. Za a ɓoye motoci a cikin kwari kamar kilomita 3 daga titi, a lulluɓe su da raga da ƙirare. Kafin asuba mutum biyu su taka a ƙafa zuwa wani ɗan lungu kamar mita 300 daga kwalta, su kwanta rub da ciki da madubin hangen nesa da ɗan littafi. Daga nan ba tashi, ba zama, sai rana ta faɗi. Ƙuda ya dame su, yashi ya gasa su, suna rubuta duk abin da ya gifta: tanki ne ko motar mai, ta Jamus ce ko ta Italiya, gabas ta nufa ko yamma, da kaya ko wayam, sojan da ke ciki sababbin zuwa ne ko waɗanda rana ta riga ta ƙona. Da dare su matso har kamar mita 30 daga titi, su riƙa tantance mota da ƙarar injinta da inuwarta. Da asuba wasu biyu su karɓe su. In an ga tankoki ko taron mayaƙa, nan take a buga wa hedikwata a dausayin Siwa, labari ya isa Alkahira kafin tankokin su isa bakin daga. Ƙungiya uku ke juyawa, ɗaya tana gadi, ɗaya tana hanyar zuwa, ɗaya tana hanyar komawa. Titin ɗaya ne tal, duk abin da zai je wa Rommel daga Tarabulus dole ya bi ta gaban waɗannan mutum biyu. Da ƙidayarsu ake auna abin da Ultra ta faɗa a ga ko ya tabbata.

Duk da haka ranar 26 ga Mayun 1942 Rommel ya auka wa sahun Ingila a Gazala. An san yana tafe. Ingila tana da tanki kusan 850, shi yana da kusan 560. Ya zagayo ta kudu, ta bayan Bir Hakeim inda sojan Faransa masu bin Janar De Gaulle suka yi tsayin daka, ya riƙa cin rundunonin tankokin Ingila ɗaya bayan ɗaya. Ranar 21 ga Yuni Tubruk ta faɗi da fursunoni fiye da 30,000.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin abin da littafin Winterbotham bai ba muhimmanci ba, wato shi ma ɗaya gefen yana da kunne. A watan Satumban 1941 jami'an leƙen asirin Italiya suka shiga ofishin jakadancin Amurka a Rum da dare, suka buɗe akwatin ƙarfe, suka ɗauki hoton littafin lambobin sirri, suka mayar da shi inda yake. Da waɗannan lambobi Kanar Bonner Fellers, wakilin sojan Amurka a Alkahira, yake aika rahoto Washinton. Fellers mutum ne mai himma, Turawan Ingila kuma suna nuna masa komai domin suna neman taimakon ƙasarsa. Yana rubuta inda kowace runduna take, da yawan tankokin da ke aiki da waɗanda ke garejin gyara, da abin da ake shirin yi. Cikin sa'o'i kaɗan rahoton yake isa hannun Rommel, wanda ke kiransa majiya mai kyau. A watan Yuni rahoton Fellers ya tona harin da 'yan kwanton ɓaunan Ingila za su kai filayen jiragen sama don share wa ayarin agajin Malta hanya, aka yi shirin tarbarsu.

Kunne na biyu ya fi kusa. Wata ƙungiyar masu saurare ce mai lamba 621, a ƙarƙashin Kyaftin Alfred Seebohm, tana bin sahun gaba da motocinta da dogayen eriyoyi. Ba ta buƙatar wata na'urar warware sirri, domin hafsoshin Ingila da yawa suna magana a oba-oba a fili, ko da wasu zaurance da yaro ma zai gane. Abin da ta ji da safe Rommel yana aiki da shi kafin azahar, saɓanin Ultra da sai saƙo ya je Ingila an warware an fassara an dawo da shi. Duka kunnuwan biyu sun toshe cikin mako biyu. A ƙarshen Yuni Amurka ta canza lambobinta, kuma a nan dole a yaba wa Ultra, domin tana cikin abin da ya nuna cewa akwai ɓaraka a Alkahira. Ranar 10 ga Yuli kuma sojan Ostireliya suka auka wa ƙungiyar Seebohm a Tel el Eisa, shi kansa ya mutu da raunukan da ya samu. Takardun da aka kwasa a wurin ne suka nuna wa Ingila irin sakacin bakinta, aka tsaurara doka.

Mai kare Winterbotham zai ce to ai wannan ma shaida ce cewa mai kunne shi ke cin yaƙi. Amma a duba inda majiya mai kyau ta kai Rommel. Shirin da aka yi tun farko shi ne in Tubruk ta faɗi a tsaya a iyakar Masar, a kama Malta tukuna. Rahotannin Fellers na wannan lokaci cike suke da labarin karayar sojan Ingila, kuma masana tarihi da dama suna ganin suna cikin abin da ya ƙarfafa wa Rommel da Hitila gwiwar watsar da batun Malta a doshi Alkahira. Ya ci ganimar motoci kusan 2,000 da mai da abinci a Tubruk, ya yi gaba da su, ya je ya tsaya cak a El Alamein, kilomita 100 kacal daga Iskandariya.

Abin da ya same shi a can masanin tarihi Martin van Creveld ya warware shi a littafinsa Supplying War na 1977, kuma bayaninsa ya fi na Winterbotham riƙe ruwa. Tashar Tarabulus, wadda ta fi kowace girma a Libiya, manyan jiragen kaya biyar kawai take iya ɗauka a lokaci guda, abin da take saukewa kuma bai wuce kamar tan 45,000 a wata ba. Bangazi da Tubruk ƙanana ne, ga su kuma a bakin jiragen saman Ingila. Babu layin dogo da ya haɗa Tarabulus da gabas. Daga Tarabulus zuwa El Alamein ya haura kilomita 2,000, wato ya fi Legas zuwa Maiduguri nisa, a kan siririn titi guda, kuma motar da ta kai mai dole ta sha mai zuwa da dawowa. Van Creveld ya ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na man da aka sauke a kan hanya yake ƙarewa. Akwai lokutan da kaya ke jibge a bakin tasha, sojan da ke gaba kuwa suna ƙirga harsashi. Su kuwa Turawan Ingila da suka ja da baya, gida suka matso: jirgin ƙasa da bututun ruwa suna zuwa musu har bakin daga.

A watannin Agusta zuwa Oktoba na 1942 ne Ultra ta yi aikin da ake yaba mata, kuma ta cancanci yabon. Ta kawo rahoton Rommel da ke nuna zai zagayo ta kudu, Janar Bernard Montgomery, wanda ya karɓi ragama ranar 13 ga Agusta, ya jira shi a tudun Alam Halfa. Ko da yake wanda ya gabace shi, Claude Auchinleck, ya riga ya sa ido a kan wannan tudu, domin tsakanin teku da kwazazzabon Ƙattara kilomita 60 ne kawai, hanyar zagaye ba ta da yawa. Jiragen dakon mai kuma an nutsar da su a daidai lokacin da ya fi ciwo, irin su Sanandrea ranar 30 ga Agusta da Proserpina a bakin Tubruk ranar 26 ga Oktoba. Sai dai a tambaya me ya canza daga Afrilu. A tsakiyar Agusta aka kutsa da ayarin jiragen kaya 14 zuwa Malta, biyar suka isa, cikinsu har da jirgin dakon mai Ohio, wanda aka shigo da shi tasha ranar 15 ga wata a tallabe tsakanin jiragen yaƙi biyu, yana gab da nutsewa. Man da ya kawo ne ya sake tayar da jiragen Malta. Bayanin sirrin yana nan tun da, hannun da zai yi duka ne ya dawo.

Ranar 23 ga Oktoba da aka buɗe wuta a El Alamein, Montgomery yana da mutum kusan 195,000 da tanki fiye da 1,000, ciki har da sababbin Sherman da Shugaba Roosevelt na Amurka ya aiko bayan faɗuwar Tubruk. Ɗaya gefen suna da mutum kusan 116,000 da tanki kusan 550, fiye da rabinsu ƙananan tankokin Italiya. Ko da wannan rata, sai da aka yi kwana 12 ana gwabzawa.

Rinjayen da Ingila ta samu a sama kuwa wani ɓangarensa ta ƙasar Hausa ya bi. Tun Satumban 1940 ake sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi rukuni-rukuni zuwa Legas, su yada zango a Kano, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, su ratsa Darfur zuwa Kartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Jirgi fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya, wadda ta samu ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi De Gaulle a Agustan 1940. Jamusawa sun san da ita sarai. Wani matuƙinsu, Theo Blaich, wanda ya taɓa zama a Kamaru yana noma, ya nuna wa manyansa cewa Fort Lamy ce maƙogwaron hanyar. A Janairun 1942 aka ba shi jirgin Heinkel guda ɗaya, ya ratso Sahara daga Libiya ya ƙona rumbun man filin jirgin. A hanyar komawa mai ya ƙare masa, ya sauka a cikin yashi, sai bayan kwanaki aka tsinto shi da mutanensa. Ya gano wurin da ya dace, ya kuma same shi, amma ba a sake samun jirgin da za a tura ba, ayarin Takoradi suka ci gaba da wucewa ta Kano.

Bayan El Alamein, Ultra ta nuna ƙarara cewa tankokin Jamus da suka rage wa Rommel 'yan kaɗan ne kuma mansa na kwanaki ne. A Bletchley an yi ta cizon yatsa ana jiran a rufe masa hanya. Montgomery ya bi shi a hankali, ruwan sama ya ɓata ƙasa, kuma yanzu shi ne titin ke yi wa tsawo. Rommel ya ja ragowar mutanensa har Tunisiya.

A can ne aka ga abin da dogaro da majiya ɗaya ke haifarwa. Shugaban leƙen asiri a hedikwatar Janar Eisenhower na Amurka, babban kwamandan ƙawance a can, Birgediya Eric Mockler-Ferryman, ya karanta saƙonnin Ultra ya tsaya kai da fata cewa ta mashigar Fondouk a arewa Jamus za ta ɓullo. Jami'an da ke kusa da bakin daga, masu aiki da rahoton 'yan sintiri da bakin fursunoni, sun yi gargaɗin cewa ana taruwa a kudu, ba a saurare su ba. Saƙonnin da ya karanta na gaske ne, amma na shirin da Jamusawa suka riga suka sauya. Ranar 14 ga Fabrairun 1943 tankoki suka fito ta mashigar Faid, suka tarwatsa Amurkawa a Sidi Bou Zid, suka kore su har suka wuce Kasserine, dubban mutane suka mutu ko suka shiga hannu. Eisenhower ya sauke Mockler-Ferryman, ya kawo Kenneth Strong.

Kafin mako uku su cika, Rommel ya juya kan Montgomery a Medenine. Wannan karon ma Ultra ta faɗi rana da yawan rundunonin da ke tafe. Bambancin shi ne tun 23 ga Janairu Tarabulus tana hannun Ingila, an share tasharta, kaya suna sauka kusa, saboda haka cikin 'yan kwanaki Montgomery ya iya turo ƙarin runduna ya jera igwogin fasa tanki kusan 470 da tanki kusan 400, ya binne su ya jira. Da safiyar 6 ga Maris tankokin Jamus suka fito daga cikin hazo suka shiga bakin igwa. Kafin magariba sun bar kusan 50 a fili, kuma bayan kwana uku Rommel ya hau jirgi ya bar Afirka.